Awon Gubar Dalma da Haske: Daga Babban Ɗakin Gwaji Zuwa Ɗan Guntun Silikon

A watan Maris na shekarar 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suke bin ƙauyukan Zamfara domin sa ido kan cutar sanƙarau, suka lura cewa ƙananan yara suna mutuwa fiye da kima a yankunan Anka da Bukkuyum. Sai da aka aika da jinin wasu yaran zuwa Jamus kafin a tabbatar da cewa gubar dalma ce. Mazauna ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega suna niƙa duwatsun zinariya a cikin gidajensu, alhali duwatsun cike suke da dalma, ƙurar kuwa tana sauka inda yara suke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu.

Abin lura a nan shi ne nisan da ke tsakanin majiyyaci da na'urar awo. Daɗaɗɗiyar hanyar auna dalma, wadda Alan Walsh ya bayyana a Ostareliya a 1955, ta dogara ne kan wata ɗabi'a ta haske: kowane sinadari yana da irin hasken da yake shanyewa. Dalma tana shan haske mai tsawon zango nanomita 283.3. Idan aka ƙona samfuri a harshen wuta, aka ratsa shi da wannan haske, to gwargwadon hasken da ya ɓace shi ne gwargwadon dalmar da ke ciki. Hanya ce ingantacciya, sai dai na'urar tana cin tebur guda, tana bukatar gas da lantarki da ƙwararren ma'aikaci. Ruwan rijiyar Tsafe ko ta Bunguɗu dole ya shiga mota zuwa Gusau, ko ma ya zarce Zariya, kafin a san abin da ke cikinsa.

Wannan ne ya sa masana suka duƙufa wajen ƙanƙanta aikin. A kan ɗan guntun silikon da bai wuce farcen yatsa ba ana sassaƙa wata siririyar hanya, faɗinta kamar nanomita 500, wato sai an tsaga silin gashi fiye da gida ɗari kafin a sami kwatankwacinta. Haske yana bin wannan hanya kamar yadda ruwa yake bin lambatu. Amma ba duka yake zama a ciki ba. Wani ɗan kaso nasa yakan tsattsafo ta gefe, ya taɓa duk abin da ke kwance a kan hanyar. Wannan tsattsafi shi ne idon na'urar.

Sau da yawa akan lanƙwasa hanyar ta zama zobe. Zoben ba ya karɓar kowane haske sai wanda tsawon zangonsa ya dace da kewayensa cif, kamar yadda tsirkiyar molo take da amonta gwargwadon tsawonta da ɗaurinta. Da zarar wani abu ya manne a bayan zoben, saurin hasken yakan sauya, sai zangon da zoben yake karɓa ya gusa kaɗan. Wannan gusawa ake aunawa. Saura a sa zoben ya kama dalma kaɗai, kuma nan aikin ya koma hannun masana harhaɗa sinadarai: sukan shafe shi da wasu ƙwayoyin sinadari masu siffar rawani, waɗanda ramin tsakiyarsu ya yi daidai da girman ƙwayar dalma. A 2024 masu bincike na jami'ar MIT ta Amurka da jami'ar Nanyang ta Singafo suka bayyana irin wannan na'ura, wadda take gano dalma a ɗigon ruwa ko da kashi ɗaya ce cikin biliyan. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha kashi 10 ne cikin biliyan.

Duk da haka bai kamata a yi saurin guɗa ba. A Zamfara ƙura da ƙasar tsakar gida ne suka fi yin ɓarna, na'urar kuwa ruwa take aunawa. Jini ya fi ruwa wuyar sha'ani, domin cike yake da abubuwan da za su manne wa zoben su ruɗa shi. Ƙananan na'urorin da suka yi aiki a 2010 ma wasu iri ne: ta hannu mai harba hasken eksire a ƙasa, wadda ta nuna dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan a wasu wuraren, da kuma LeadCare II mai auna jini ta hanyar lantarki. Ita wannan ta biyun iyakarta maikirogiram 65 a kowace desilita, jinin yara da yawa kuwa ya zarce haka, har sai da aka riƙa tsarma shi kafin awo. Waɗanda suka ƙera ta ba su yi zaton irin wannan adadi ba.

Akwai kuma matsalar zafi. Silikon yana sauya saurin haske idan ya ɗumama, saboda haka zoben da aka daidaita da sanyin asuba zai ba da wani sakamako dabam da azahar ɗin bazara a Gusau. Maganin da aka saba yi shi ne a sassaƙa zobe na biyu kusa da na farko, a rufe shi kada samfuri ya taɓa shi, sannan a debe gusawarsa daga ta ɗan'uwansa.