Gicciye a Bainar Jama'a: Darasi Domin Idin 14 ga Satumba

A ranar 14 ga watan Satumba ta kowace shekara Ikilisiya Mai Tsarki takan yi idin Ɗaukaka Gicciye. Da yawa daga cikinmu ba su san cewa daga gini wannan idi ya samo asali ba. A shekara ta 335 aka keɓe majami'ar da Sarki Konstantin ya sa aka gina a Urushalima, a wurin da aka gicciye Ubangijinmu aka kuma binne shi. Tun daga zamanin nan, itacen da Romawa suke rataye bayi da 'yan tawaye a kansa ya hau bisa tutocin ƙasashe da kuɗinsu da hasumiyoyinsu. Abin da za mu bincika ke nan: me yake faruwa da alamar bangaskiya sa'ad da ta zama abin tarihi na ƙasa baki ɗaya?

Littafi Mai Tsarki bai hana kafa abin tunawa ba. A cikin Yoshuwa sura 4, bayan Isra'ilawa sun haye Urdun, an ɗauko duwatsu 12 daga tsakiyar kogin aka kafa su a Gilgal, domin in 'ya'ya suka tambayi ma'anarsu, iyaye su ba su labarin abin da Allah ya yi. Aikin dutsen shi ne ya jawo tambaya, amsar kuwa tana bakin iyaye. Amma mu dubi macijin tagulla da Musa ya ɗaga cikin jeji, wanda labarinsa yake cikin karatun wannan idi, wanda kuma Yesu da kansa ya kwatanta da mutuwarsa a Yohanna sura 3. Allah ne ya umarta a ƙera shi. Duk da haka, a 2 Sarakuna sura 18 mun ga Sarki Hezekiya ya farfashe shi, gama jama'a sun koma ƙona masa turare. Tagullar ba ta sāke ba, zukatan masu dubanta ne suka sāke. Wannan ita ce koyarwar da Majalisar Nisiya ta Biyu ta tabbatar a shekara ta 787, cewa girman da ake yi wa siffa yana wucewa zuwa ga wanda siffar take nunawa, sujada kuwa ta Allah ce shi kaɗai. Bari katekis ya riƙe wannan da kyau, domin ita ce amsarmu ga masu cewa 'yan Katolika gumaka suke bauta wa.

A arewacin ƙasar Lituwaniya, kimanin kilomita 12 daga birnin Shawlai, akwai wani ɗan tudu da ake kira Tudun Gicciye. Ba sarki ne ya gina shi ba, babu kuma gwanin gini da ya zana shi. An ɗauka cewa an fara kafa gicciye a wurin bayan tawayen 1831 da mutanen ƙasar suka yi wa mulkin Rasha, sa'ad da iyalai da ba su sami gawar 'yan'uwansu ba suka rasa kabarin da za su yi kuka a kai. Bayan tawayen 1863 abin ya ƙaru. Da Tarayyar Sobiyet ta mamaye ƙasar, aka kwashi dubban mutane zuwa Saiberiya, har da limamai da bishof-bishof, sai tudun ya zama wurin da ake ajiye sunan wanda aka tafi da shi.

Hukumar da ta ce babu Allah ta gane abin da tudun yake faɗi. A shekara ta 1961 ta turo motocin rusau. Aka ƙone gicciyen katako, aka kai na ƙarfe wurin narkarwa, aka farfasa na dutse aka binne. An sake yin haka a 1973 da 1975. Aka sa masu gadi, aka tare hanya. Amma da dare ya yi sai manomi ko tsohuwa su lallaɓo da gicciye a ɓoye cikin riga, gari na wayewa a tarar ya tsiro kamar dawa bayan ruwan fari. Mu lura da kyau: mutanen nan ba su ɗauki makami ba, ba su kuma rushe abin kowa ba. Sun dai ƙi yarda a shafe musu tuni. A ranar 11 ga Maris 1990 Lituwaniya ta yi shelar 'yancinta, a ranar 7 ga Satumba 1993 kuwa Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, wanda ya san irin wannan mulki tun daga ƙasarsa Folan, ya yi Hadaya Mai Tsarki a gindin tudun. A shekara ta 2000 'yan'uwan Faransiskan suka buɗe gidan addu'a kusa da wurin, an kuma ƙiyasta cewa a 2006 gicciyen da ke kansa sun kai 100,000.

Shekara uku kafin wannan ziyara, Paparoman nan dai ya tsaya a gaban wani gicciye dabam a nan Afirka ta Yamma. A ranar 10 ga Satumba 1990 ya keɓe babbar majami'ar Uwarmu ta Salama a Yamusukuro, mahaifar Shugaba Félix Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa. Tsayinta ya kai mita 158, tana ɗaukar mutum 7,000 a zaune, an kuma yi ta da kamannin majami'ar Bitrus Mai Tsarki ta Roma. An gina ta a lokacin da farashin koko ya faɗi, ƙasa tana fama da bashi. Shugaban ya ce da dukiyarsa ya gina ta. A ɗaya daga cikin tagogin gilashi masu launi an zana shi yana durƙushe a gaban Yesu.

Ba namu ba ne mu auna zuciyar mamaci, kuma wanda ya tuna macen da ta zuba wa Ubangiji turare mai tsada ba zai yi saurin cewa kyakkyawan abu ɓarna ne ba. Sai dai Paparoma bai karɓi kyautar haka kawai ba. Ya sa sharaɗi a gina asibiti kusa da majami'ar domin matalauta, aka kuwa aza harsashinsa a lokacin ziyarar. Majami'ar ta ɗauki kamar shekara huɗu ana gina ta. Asibitin, wanda yake ɗauke da sunan Yusufu Moskati Mai Tsarki, likitan nan na birnin Nafoli, sai a shekara ta 2015 aka buɗe shi. A ganinmu, wannan tazara ta kusan shekara 25 ta isa abin yin tunani ga kowane kwamitin gini, daga na fadar bishof har zuwa na ƙaramar majami'ar ƙauye, inda ake gardama ko a ƙara wa hasumiya tsawo ko a gyara rufin ɗakin shan magani.

Mu a ƙasar nan muna zaune da maƙwabta Musulmi, a Abuja ma Masallacin Ƙasa da Cibiyar Kirista ta Ƙasa, wadda aka keɓe a watan Oktoba 2005, suna hangen juna. A irin wannan zama, jaraba takan zo mu mai da gicciye tutar gasa, mu auna tsawonsa da na hasumiyar maƙwabci. Wanda ya kafa shi da wannan niyya ya fara ƙona wa tagulla turare. Akwai kuma jaraba ta biyu, wadda ba ta da hayaniya. Tudun Lituwaniya ya zama wurin yawon buɗe ido, sana'ar sassaƙa gicciye ta ƙasar ma ta shiga jerin kayan gadon da UNESCO take karewa. Wannan abin murna ne, amma baƙo yana iya sayen ƙaramin gicciye a bakin hanya, ya rataya, ya ɗauki hoto, ya tafi ba tare da ya ji labarin dare ɗaya na 1961 ba. Babu hukumar da za ta iya ba da amsar da Yoshuwa ya ɗora wa iyaye.

Saboda haka muna roƙon ƙungiyoyin nazari, da Zumuntar Mata, da matasa, su karanta Yoshuwa sura 4 da 2 Sarakuna sura 18 kafin ranar idi. Sa'an nan su nemi dattawan majami'arsu, su tambaye su wanene ya kafa gicciyen farko a garin, a wace shekara, da abin da ya sha kafin a ba shi fili. A rubuta amsar a littafi, a kawo wa Fada domin a ajiye tare da rajistar baftisma.