Darasi: Yadda Masu Tare Hanya Ke Zaɓen Rana da Wuri

Darasinmu na wannan fitowa a kan masu tare hanya ne, waɗanda ake kira zargina a arewacin Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya, a Barno da Adamawa kuma a ce musu kwanta-kwanta. Ana cewa sunan zargina daga shuɗin wanki ya fito, wanda suke shafawa a fuska. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Akwai malaman jami'a da aikinsu ke nan, binciken laifi: wa ke yi, a ina, yaushe, kuma maganin da hukuma ta yi ya ci ko bai ci ba. A 1979 wasu biyu a Amurka, Kohen da Felson, suka ce laifi ba ya aukuwa sai abu uku sun gamu wuri guda: mai niyya, da abin ɗauka, da rashin mai tsaro. Abin da ke gama ukun nan kuwa, in ji su, shi ne kai da kawowar da mutane suka saba yi kullum. To jama'a, wa ya kai falken shanu bin sabo? Ranar kasuwa sananniya ce. Hanyar komawa ɗaya ce, in ta yi yawa biyu. An ga shanun da ka shigo da su, an ji ciniki ya faɗa, an ga sa'ad da aka ƙirga maka kuɗi a rumfa. Kafin ka idar da la'asar, yaron da ke tallar goro ma ya san nauyin lalitarka.

A wajenmu, ɗaya daga cikin waɗanda suka daɗe kan wannan bincike shi ne Farfesa Saibu Isa na Jami'ar Marwa, wanda ya fitar da littafi da Faransanci a 2010 kan tarihin fashin hanya a ƙasashen tafkin Cadi. Ya nuna abin daɗaɗɗe ne, tun zamanin kwari da baka. Abin da ya sake shi ne makami. Yaƙe-yaƙen Cadi daga 1979, da faɗuwar Hissen Habre a Disamban 1990, sun watsa bindigogi da tsofaffin sojoji marasa albashi cikin daji. Suka iske makiyayan da farin 1973 da na 1984 ya karya, mutanen da suka san kowane burtali da kowane tabki. Wuraren da suka fi so kuwa su ne inda daji ya yi kauri iyaka kuma ta yi kusa, kamar hanyar Marwa zuwa Kuseri wajen dajin Waza, da yankin Tuboro da Mbaibum inda ƙasashe uku suka haɗu. Ka yi fashi nan, ka kwana can, jandarma ya tsaya bakin iyaka yana kallo.

Amma bindiga da sanin daji ba su isa ba. Baƙo daga wata ƙasa ina ya san motar da kuɗi ke ciki? Sai da ɗan gari. Mu koma kan shuɗin nan: mutum ba ya ɓoye fuska sai in yana tsoron cikin fasinja akwai wanda ya san shi. Sau nawa muka ji an tsai da mota, an kira falke da sunansa, har an faɗi adadin da ya ɗauko?

Hukuma ba ta zauna ba. Tun 1972 Kamaru ta sa hukuncin kisa kan fashi, fashi bai ƙare ba. A 1998 aka tura wata rundunar jandarma ta musamman Marwa. Ta tsorata 'yan fashi ƙwarai, amma ƙungiyar Amnesty International ta zarge ta da kashe waɗanda ake tuhuma ba tare da an kai su gaban alƙali ba. A 2001 aka kafa rundunar BIR. Da sojoji suka riƙa raka motoci, hanya ta yi sauƙi. Sai dai masu bincike sun san halin laifi, in ka danne shi nan ya kan ɓullo can. Daga farkon shekarun 2000 zargina suka koma rugage, su ɗauke 'ya'yan makiyaya, uban ya kora shanunsa kasuwa ya sayar ya kai musu kuɗin fansa. Isa ya rubuta kan wannan tun 2006. Nan kam sai mu faɗa wa kanmu gaskiya: akwai waɗanda suka ga Bafulatani yana karyar da bijimai cikin gaggawa, idonsa ja, suka saya da araha ba su tambaye shi lafiya ba.

Wani abin da bincike ya daɗe da nunawa shi ne, tsananin hukunci bai kai tabbacin kamu hana laifi ba. Ɓarawo ba ya lissafin shekarun kaso, lissafinsa shi ne za a kama ni ko ba za a kama ni ba. Kamu kuwa sai da ƙara. Mu fa mun san yadda muke: an tare mutum, ya yi shiru, don shanun sun ƙetare ba takardar duwan, ko don yana gudun kwana uku a ofishin jandarma kasuwa ta wuce shi. Hukuma da abin da ke rubuce take aiki, wanda ba a rubuta ba a wurinta bai faru ba.

Aika kuɗi ta banki ko ta waya ya rage abin ɗauka a cikin mota, wanda bai fara ba ya fara. Duk wanda aka tare kuma, ko bai je hukuma ba, ya sanar da sakataren reshensa rana da sa'a da wuri, da kasuwar da ya fito, da mutum nawa suka san lokacin tashinsa.