Ishaku da Isma'ilu a Bakin Kabari Ɗaya

Karatu: Farawa 25:7-10, Romawa 12:15

Ɗan'uwa mai karatu, ka tuna an kori Hajaratu da ɗanta Isma'ilu daga gidan Ibrahim zuwa jeji (Farawa 21). Amma da Ibrahim ya rasu yana da shekara 175, Ishaku da Isma'ilu ne suka binne shi tare a kogon Makfela. Nassi bai ce sai da suka gama shari'ar wane ne mai laifi ba. Rasuwar uba ce ta haɗa su.

Makfela tana Hebron, a ƙasar da Isra'ilawa da Falasɗinawa ke jayayya a kanta. A 1995 wani Bayahude, Yitzhak Frankenthal, wanda 'yan Hamas suka kashe ɗansa, ya kafa ƙungiyar iyayen da suka yi rashi. A cikinta akwai Rami Elhanan, Ba'isra'ile, wanda bam ya kashe 'yarsa a Urushalima a 1997, da Bassam Aramin, Bafalasɗine, wanda harsashin ɗan sandan Isra'ila ya kashe 'yarsa mai shekara 10 a 2007. Mutanen nan biyu suna kiran juna ɗan'uwa.

Irin wannan ya faru a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. A 2013 'yan Seleka, yawancinsu Musulmi, suka ƙwace mulki, Kirista da yawa suka sha wuya. Sai 'yan anti-balaka, waɗanda da yawansu ke amsa sunan Kirista, suka tasam ma Musulmi. Dubban Musulmi, har da Hausawa 'yan kasuwa, suka maƙale a unguwar Kilomita Biyar. Majami'ar Fatima da ke kusa da unguwar kuma an kai mata hari a 2014 da 2018. Kowane ɓangare ya binne nasa.

A tsakiyar wannan wuta, Akbishop Dieudonné Nzapalainga ya sauki Imam Oumar Kobine Layama a gidansa na watanni. Su biyu, tare da Rabaran Nicolas Guérékoyamé-Gbangou, suka riƙa zagaya ƙasar suna roƙon a ajiye makamai. Ran 30 ga Nuwamba 2015 Paparoma Francis ya shiga babban masallacin Kilomita Biyar.

Manzo Bulus ya umarce mu mu raba hawaye da mai baƙin ciki, bai kuwa ce mu tambayi addininsa tukuna ba. Wannan ba musun bangaskiyarmu ba ne. Almasihu ya mutu dominmu tun muna maƙiyan Allah (Romawa 5:10). Sau da yawa sulhu yakan fara ne daga tabarmar ta'aziyya.

Tambaya: Akwai maƙwabcin da ya yi rashi, ka ƙi zuwa gaisuwa saboda abin da mutanensa suka yi maka? Yaushe za ka je?

Addu'a: Ya Uba, ka san ciwon zuciyata. Ka cire mini ramuwa, ka ba ni ƙarfin zuwa gidan makokin wanda nake ɗauka maƙiyi. Cikin sunan Yesu, amin.