Rabon Baƙo a Tukunyar Iya

'Yan'uwana matan Zumunta, musamman ku ƙanana da kuka fara ɗaura zanen ƙungiya kwanan nan, ku ba ni aron kunnuwanku in ba ku labarin Iya. Ba zan kama sunanta ba, domin tun tana raye ba ta so a haɗa sunanta da alherin da ta yi.

A ƙasar Malam Madori ta tashi, inda layin dogon da aka shimfiɗa daga Kano zuwa Nguru wajen 1930 ya ratsa. Nan kusa, a Garun Gabas, mishan ɗin SIM ta yi zama, kuma daga aikin SIM ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Masu bi a masarautar Haɗeja 'yan ƙalilan ne tun can har yau. Saboda haka Iya ta san cewa akasarin masu yi mata sallama Musulmi ne, ta kuma shirya gidanta a kan haka. Namanta daga wurin mahautan kasuwa yake fitowa, don kowa ya ci hankalinsa kwance. A zaure akwai buta da tabarma mai tsabta, lokacin salla na yi baƙo ba ya sai ya tambaya.

Abin da nake so ku lura da shi shi ne, karamcin Iya shiryayye ne. Da kaka, in an kawo shinkafa daga fadama, zakkar ikkilisiya take fara fitarwa, sai buhun baƙo, sannan ta auna na ci da na sayarwa. Kowace yamma sai ta ƙara gwangwani guda a tukunya alhali ba ta san mai zuwa ba. In ba a yi baƙo ba, almajiri ya samu. Mu da yawa muna da zuciyar bayarwa, amma sai mai bukata ya tsaya a ƙofa muke fara lalube, mu tarar an riga an sayar da komai.

Kun san halin kogin nan namu na Haɗeja. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta sake, ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa. In damina ta yi nauyi sai ya fasa, ya bi gonaki da gidaje a Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kirikasamma. A ambaliyar 2012, da mutane suka shigo gari da kaya a ka aka sauke su a makarantu, Iya ta bi ajujuwa tana neman masu jego. Ta san mace mai ɗanyen jego ba za ta iya wanka a tsakar makaranta ba. Ta kwaso su zuwa gida, ta bar musu ɗakinta ta koma rumfa, tana tashi tun asuba ta dafa ruwan wanka ta dama kunun kanwa. Itacen da ta tanada na wata da watanni ya ƙare, ban taɓa jin ta ambaci hakan ba.

Da ruwa ya janye, ta ba mazansu irin shukar rani, ta ce musu ajiya ce ta ba su, in Allah ya sa albarka su ba wani. Ta haka magidanci yake karɓa kansa a ɗage. Wannan ne ke sa raina ya sosu in na ga an jera gwauraye da marayu, kowa da ɗan ƙullinsa a hannu, ana ɗaukarsu hoto a sa a Facebook. Ku ji tsoron Allah, 'ya'yana, kada ku ciyar da mutum ku tozarta shi a lokaci guda.

Ƙarfinta daga durƙuso yake. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, da shi ta koyi karatu, kuma ta fi son labarin Dokas ta Yafa a Ayyukan Manzanni sura 9, matar da take ɗinka wa gwauraye riguna. Ba ta taɓa mayar da akushi tarko ba. Wanda ya tambaye ta dalilin wannan ɗawainiya, sai ta gaya masa Yesu ne ya fara yi mata alheri. Wanda bai tambaya ba, ya ci ya ƙoshi ta raka shi ƙofa. Ranar jana'izarta maƙwabta Musulmi ne suka kafa rumfuna suka jera kujeru.

Akwai tsofaffin da take aika wa tuwo kowace Asabar, a unguwarta da bayan kasuwa. Tun da ta huta ba a kai musu ba. Na san gidajen. Ranar Lahadi bayan sujada ku tsaya mu raba su a tsakaninmu, kowace ta ɗauki gida guda.