Bakwai a Raba Gida Biyu, Nawa Ke Nan?

Na san duk wanda ya dubi kan wannan rubutu zai ce ai ko ɗan firamare ya san amsa, watau uku da rabi. To, ni dai na ga kwamfuta da idona ta ce uku ne cif, kuma ba lalacewa ta yi ba. Wannan ɗan rabi da ta haɗiye shi ne ya jefa ni cikin binciken da zan ba ku labarinsa, domin kuwa har matsayina a aji sai da ya taɓa.

Bari in fara da ɗan bayani saboda iyayenmu. Kwamfuta ba ta yin kome sai an rubuta mata umarni, kuma akwai harsuna na musamman da ake rubuta umarnin da su. Wanda muke koyo a ƙungiyarmu ta kwamfuta sunansa Python. Wani mutumin ƙasar Holan mai suna Guido van Rossum ne ya fara ƙirƙirarsa a ƙarshen shekarar 1989, ya fito da shi ga jama'a a 1991. Irin harsunan nan ne da mutum zai rubuta umarni ya ga sakamako nan take. Kyauta ake samunsa, kuma cikinsa a buɗe yake, duk mai so yana iya duba yadda aka gina shi, har ya kawo gyara. Yanzu kowace shekara a watan Oktoba ake fito da sabon zubi mai ɗauke da sababbin abubuwa.

Malaminmu yana da wata 'yar manhaja da ya rubuta tun da daɗewa da tsohon zubin, watau Python 2. Ita ce take tara makin ɗalibai, ta raba da yawan darussa, ta jera mu daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Da aka kawo sababbin kwamfutoci masu Python 3, sai ya ce mu 'yan ƙungiya mu taya shi mai da ita can. Muna kunna ta sai ta ƙi tashi, ta nuna mana layin da kuskure yake. Umarnin nan na print, wanda yake sa a nuna rubutu a allo, a sabon zubi dole a sa abin da za a nuna cikin baka biyu. Wannan bai ɗauke mu rabin sa'a ba. Muka gyara, manhaja ta tashi, muka yi ta murna.

Sai da muka zuba mata makin zangon da ya wuce don gwaji sa'an nan muka ga abin mamaki. Ni da abokina da muka yi kunnen doki a matsayi na huɗu, yanzu shi ne na huɗu, ni na biyar. Jimillar makina 621 ce cikin darussa tara, tasa kuwa 625. A Python 2, idan aka raba cikakkiyar lamba da cikakkiyar lamba, sai a yar da saura, saboda haka mu duka muka tashi da 69. A Python 3 kuwa shi ya tashi da 69.4, ni ina nan a 69 ɗina. Na ce, "Malam, ai sabuwar ta yi kuskure." Ya yi dariya ya miƙo mini alli ya ce in raba a allo. Na raba, na ajiye alli shiru.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, canjin farko ya yi ƙara, ya tsai da mu har muka gyara. Na biyun kuwa bai ce uffan ba, ya dai canza amsa ya wuce. Da a ce manhajar ta lissafin albashi ce ko ta awon magani fa? Daga nan na gane dalilin da ya sa, idan aka fito da sabon zubi, gwanayen rubuta manhaja ba sa fara tambayar wane abin sha'awa aka kawo. Abin da suke fara tambaya shi ne, aikin da na rubuta bara zai ci gaba da ba da amsar da yake bayarwa?

Tarihin harshen ya nuna nauyin wannan tambaya. An fito da Python 3 a watan Disamba na 2008, kuma masu shi sun sani sarai ba ya jituwa da tsohon. Gyare-gyaren kuwa masu kyau ne, kamar wannan na rabawa, da kuma yadda sabon yake riƙe rubutun kowane harshe, har da haruffanmu masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ, ba tare da wahalar da ake sha a da ba. Amma mutane suka noƙe. Wani zai ce sabo ne turken wawa, ni kuwa ban ga wautarsu ba: mai manhajar da ta kai layi dubu ɗari, wadda kuma ta jingina da ayyukan wasu mutane da su ma ba su ƙaura ba, yaya zai yi? An shirya daina kula da Python 2 a 2015, dole aka ɗaga zuwa ranar 1 ga Janairu, 2020. Ƙaurar da aka zaci ta 'yan shekaru ce ta ci fiye da shekara goma sha ɗaya.

Akwai wata tambayar da ta fi wannan tayar da ƙura, ita ce, wannan sabon abu sauƙi zai kawo wa mai karanta manhaja ko ruɗani? A Python ba a ƙara abu haka kawai. Mai shawara yakan rubuta takarda, a ba ta lamba, jama'a su yi ta muhawara a kanta. A 2018 aka kawo takarda mai lamba 572, wadda ta nemi a ƙara wata 'yar alama, ɗigo biyu da alamar daidai, haka :=. Ana yi mata laƙabi da sunan wata dabbar ruwa ta ƙasashen ƙanƙara mai dogayen haure biyu, walras, domin in ka karkata kai ka dube ta sai ka ga kamar idanu da haure.

Amfaninta shi ne mutum ya ba wani abu suna, ya kuma gwada shi a layi guda. A da in kana son karanta jerin sunaye har su ƙare, sai ka karanta a layi ɗaya, ka duba ko akwai saura a wani layin. Da sabuwar alama an haɗe su. Masu suka suka ce, ai tun asali da gangan Python ya hana wannan haɗi, domin a harsuna irin su C mutane sun sha rubuta alamar daidai guda a inda ya kamata su rubuta biyu, manhaja ta yi ta ɓarna ba a sani ba. Yanzu ga = ta ba da suna, ga == ta gwadawa, za a ƙaro ta uku mai kama da su, yaya ɗan koyo zai yi? Masu goyon baya suka ce ɗigon nan biyu ya isa ya bambanta su, kuma ba a tilasta wa kowa amfani da ita ba.

Muhawarar ta yi zafi ƙwarai da gaske. Guido, wanda shi ke yanke hukuncin ƙarshe tun farkon harshen, ya amince da shawarar a watan Yuli na 2018. Bayan 'yan kwanaki, ranar 12 ga watan, ya sanar da cewa ya sauka daga shugabanci saboda ya gaji da irin wannan faɗa, kuma bai naɗa magaji ba. Dole jama'ar suka zauna suka tsara sabuwar hanya, a farkon 2019 suka zaɓi majalisa ta mutum biyar. Alamar kuwa ta fito a Python 3.8 a watan Oktoba na 2019. Ku duba fa, 'yar alamar da ba ta kai ƙwayar gero biyu ba ita ce ta sauya tsarin mulkin harshen da aka yi kusan shekara talatin a kansa.

Ni na gwada ta. A wuri ɗaya ko biyu ta rage mini maimaici, na ji daɗinta. Amma da na nuna wa ƙannenmu na ƙananan azuzuwa, yawancinsu sun ɗauka kuskuren bugu ne, wani har ya goge mini ɗigon. Saboda haka a ganina duka ɓangarorin suna da gaskiyarsu, kuma a aikin da zan bar wa 'yan baya ba na sa ta.

Da alama dai masu harshen sun ɗauki darasi. A 2021, cikin Python 3.10, sun ƙaro wani tsari na zaɓe tsakanin abubuwa da yawa, mai amfani da kalmar match. Nan take aka tambaya, mu da muka daɗe muna sa wa abubuwanmu wannan suna fa? Tambayar tana da dalili, domin a 2018 an keɓe kalmar async ta zama ta harshen kaɗai, manhajojin da suka yi suna da ita suka karye. Wannan karon sai aka tsara yadda kalmar ba za ta zama umarni ba sai in ta zo a farkon layi cikin siffa ta musamman, a sauran wurare tana nan a matsayin suna. Haka kuma in za a cire wani tsohon abu, akan yi gargaɗi na aƙalla zubi biyu tukuna.

Mu ma mun kafa tamu ƙa'ida a ƙungiya. Malam ya sa mun lissafa makin ɗalibai goma da hannu mun ajiye a takarda, duk lokacin da aka canza zubi sai an gwada manhajar da su kafin a yarda da ita. Ya kuma nuna mana cewa wanda yake son tsohuwar rabawa mai yar da saura yana iya rubuta alamar rabawa sau biyu, haka //. Na yi wuf na ce a sa ta a tamu, ya harare ni.

Da na kai takardar sakamako gida, Baba ya duba ya ce, "Ashe sauka ka yi?" Na zauna na yi masa bayanin Python 2 da Python 3 da ɗan sauran da ake yarwa, yana saurare har na gama. Sa'an nan ya tambaye ni maki nawa ne tsakanina da abokina. Na ce huɗu. Ya ninke takardar ya miƙo mini, ya ce zango mai zuwa in nemo su.