WAƘAR ALKAWARIN GIDAN ƊAN JUD'ANA DA SHARHINTA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa a cikin ɗariƙa, wannan darasi ne a kan tambayar da ikhwani suke yawan yi a zawiya bayan wazifa, watau ko ya halatta Musulmi su haɗa kai da waɗanda ba Musulmi ba don a kawar da zalunci. Mun tsara amsar a baitoci don sauƙin hadda, sa'an nan sharhi ya biyo.

FASALI NA ƊAYA

Na fara da sunan Allah Sarki,
Shi ne ya hana mu yin zalunci.

Salati ga Ɗaha ɗan Amina,
Da shi aka san tafarkin adalci.

Baƙo ya sauka Makka da kaya,
Daga Yaman ya taso don fatauci.

Babba ya karɓa ya ƙi biyansa,
Ya bar shi a rana cikin ƙunci.

Ya hau dutse ya ɗaga murya,
Ina masu kunya, ina karamci?

Gida biyar suka yi rantsuwa,
Gidan Ɗan Jud'ana kan abinci.

Annabi na nan yana saurayi,
Tun kafin bayyanar Musulunci.

Bayan aike bai rushe shi ba,
Sai yabo, don ya tsare mutunci.

Sharhi: Ka sani ya kai ɗan'uwa, wannan shi ne alkawarin da malaman sira suke kira Hilful Fuduli. An ƙulla shi a watan Zulƙida, kimanin shekara 20 kafin aiko Annabi (S.A.W.). Asalinsa wani falke ne Bazubaide daga Yaman ya sayar wa Asi ɗan Wa'ilu haja, shi kuwa ya danne kuɗin don ya ga baƙo ne ba shi da dangi a garin. Falken ya hau dutsen Abu Ƙubaisi ya yi kuka ga Ƙuraishawa. Sai Zubairu ɗan Abdul Muɗɗalibi, baffan Annabi, ya miƙe. Banu Hashim da Banul Muɗɗalibi da Banu Asad da Banu Zuhra da Banu Taimi suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana, suka yi rantsuwa za su tsaya tare da duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo, har a mayar masa da hakkinsa. Suka tafi wurin Asi suka karɓo hajar suka ba mai ita.

To, abin lura a nan, waɗanda suka ƙulla alkawarin nan ba Musulmi ba ne a lokacin. Duk da haka ya zo a sira cewa bayan annabci Manzon Allah ya ambace shi da yabo, ya fifita halartarsa a kan jajayen raƙuma, ya kuma nuna da za a kira shi zuwa gare shi a cikin Musulunci da ya amsa. Har bayan wafatinsa, jikansa Sayyidina Husaini ya yi barazanar kira da sunan wannan alkawari sa'ad da gwamnan Madina ya so danne masa wani hakki, sai gwamnan ya sakar masa. Ka haɗa wannan da aya ta 2 da ta 8 a Suratul Ma'ida da aya ta 8 a Suratul Mumtahana, ka je wurin malaminka ya karanta maka tafsirinsu.

FASALI NA BIYU

Ya ɗan zango ka dubi kogi,
Guba ta shige shi don ha'inci.

Ruwa ba ya tambayar addini,
Haka nan yunwa, haka talauci.

Yarinya ta ɗau kaya a kanta,
A ba ta lada na wulaƙanci.

Kakanninka sun san korar baƙi,
Ranar da suka rasa maƙwabci.

Sharhi: Mu mutanen zango a ƙasar Gana mun fi kowa sanin halin falken nan. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta kafa dokar korar baƙi marasa takarda, aka ba su kwana 14. Dubban mutane suka karyar da gidajensu da rumfunansu suka fita, wasunsu a nan aka haife su. Wanda ya ji wannan daga bakin kakansa ba ya bukatar a gaya masa amfanin samun mai tsaya maka daga wajen gidanku.

Dubi kuma masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, abin da ake kira galamse. Sun gurɓata kogunan Pra da Birim da Ofin da Ankobra da laka da zaiba. Ruwan nan shi Musulmi yake alwala da shi, shi Kirista yake dafa abinci da shi, ciwon kuwa ba ya zaɓen gida. Dubi 'yan matan kayaye da suke zuwa daga arewa suna dako a Makola a Ankara da Kejetiya a Kumasi, suna kwana a bakin shaguna da jarirai a baya. Akwai 'ya'yan Musulmi a cikinsu, akwai waɗanda ba su ba. Mai tauye musu lada ma wani lokaci a sahu ɗaya muke salla da shi. Saboda haka kada ka zaci zalunci daga waje kaɗai yake zuwa.

FASALI NA UKU

Riƙe lazimi, riƙe wazifa,
Kada ka fake da su don lalaci.

Ba a haɗa salla ko aƙida,
A haɗa murya a nemi 'yanci.

Na roƙi Allah don Tijjani,
Ya raba mu da tsoro da jahilci.

Sharhi: Iyakar abin a fili take. Addininka naka ne, ba ka rage komai daga cikinsa, ba ka kuma shiga ibadar wani. Abin da ake haɗuwa a kansa shi ne hakkin bayin Allah. Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, wanda ya zama Babban Limamin Gana a 1993, ɗan wannan ɗariƙa ne. A ranar Ista ta 2019, lokacin cikarsa shekara 100, ya ziyarci cocin Katolika na Christ the King a Ankara. Wasu suka yi surutu, amma ziyarar maƙwabtaka ce da neman zaman lafiya. Haka kuma dokar 2011 da ta kafa Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa ta ba Musulmi da Kirista da masu gargajiya kujeru a cikinta. A 2017 aka yi dokar Asusun Raya Zango. Amma doka a takarda ba ta gina magudanar ruwa sai an sami masu bibiya.

Ga abin da muke ba kowace zawiya shawara. Na ɗaya, muƙaddami ya zaɓi mutum uku masu amana, har da mace daga cikin iyayenmu na kasuwa, su zaga unguwa su saurari kukan mutane. Na biyu, a ɗauki matsala guda wadda ta shafi kowa, kamar famfo ko asibiti ko ladan 'yan dako. Na uku, dattawa su je da kansu wurin fada ko fasto da sarkin gari, a zauna a yi magana ɗaya. Na huɗu, a tafi tare wurin hukuma da takarda da ladabi, a sa ranar komowa. Na biyar, in an tara kuɗi a rubuta kowane sidi, a karanta lissafi a gaban jama'a.

Sharaɗi kuwa uku ne. Kada a mai da taron na jam'iyya, don mai neman ƙuri'a yana raba abin da aka haɗa. Kada a ɗauki sanda ko a ƙona dukiyar kowa. Kuma in azzalumin namu ne, to mu za mu fara zuwa ƙofarsa, domin Asi ɗan Wa'ilu Baƙuraishe ne, Ƙuraishawa kuma suka karɓe hajar daga hannunsa.

Ya ɗan'uwa, bakin da ya saba da istigfari da Salatul Fatihi da hailala bai kamata ya yi shiru ba ranar da ake cin hakkin maraya. Allah ya sa mu cikin masu amsa kira, ya gafarta wa shehunanmu da iyayenmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Tammat bi hamdillahi.