Godiyar Iyaye Ba Ita Ce Shaidar Nasara Ba

Kusan duk rahoton da ƙungiyoyin tallafa wa yara ke kawo mini in duba, tafiyarsa ɗaya ce: an horar da yara kaza, an raba littattafai kaza, ga hoton rufe taro, ga wata uwa tana sa albarka. Daga nan sai a rubuta cewa shiri ya yi nasara.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zancen nan da ya zama ruwan dare, wai tunda yara da iyayensu sun ce sun amfana, magana ta ƙare. A 1939 aka fara wani shiri a garuruwan Cambridge da Somerville na Amurka. Aka haɗa yara maza biyu-biyu masu kamancin hali, aka yi ƙuri'a, ɗaya ya samu mai ba shi shawara da taimakon karatu da na asibiti, ɗayan aka ƙyale shi. Bayan shekara 30 da ƙare shirin, wata mai bincike, Joan McCord, ta bi sawunsu. Kusan kashi biyu bisa uku na waɗanda suka amsa mata sun ce shirin ya taimake su. Amma takardun kotu da na asibiti suka nuna waɗanda aka taimaka ɗin ne suka fi abokan nasu maimaita laifi da shan giya da mutuwar wuri. Ba don waɗanda aka ƙyale ɗin ba, da babu mai ganewa.

Yaro fa girma yake yi. Ɗan shekara 7, ko ba ka taɓa shi ba, baɗi ya fi bana sanin harafi. To, da wa ka gwada naka?

Ku auna kafin ku fara. A zaunar da kowane yaro shi kaɗai, a ba shi gajeren labari da Hausa, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya, kuma kada malaminsa ya zama mai gwajin. In gurbi ya yi kaɗan, ku yi ƙuri'a gaban mai unguwa da yardar iyaye. Waɗanda ba ta faɗa musu ba su shiga zagaye na biyu, kafin nan su ne ma'auninku.

Masu ba da kuɗi ma da laifinsu, tunda wanda ya kawo sakamako mara daɗi shi suke yanke wa tallafi. Shi ya sa yarinyar da aka cire ta koma talla sai sunanta ya ɓace daga rajista, maki ya yi tashin gwauron zabi. Ku bi ta har gida ku gwada ta, ku sa makinta cikin lissafi.